Bakin Tukunya a Mamatsar Surukina

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Ko shayi aka miƙo mini sai na ƙona harshe kafin in tuna ana hurawa. Da wannan halin na shiga sana'ar mazarƙwaila a Gazara, a mamatsar raken surukina, bayan na gaji da yawo da takarduna ofis-ofis a Kaduna ba wanda ya ce mini ko zauna.

Surukina, mahaifin matata, Baba muke ce masa. Ɗan gajeren dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake jin abin da ya ce. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai, cikakkiya. Nesa nake cire takalmi in tsuguna in gaishe shi, ba na haɗa ido da shi, kuma shekara shida ina auren 'yarsa bai taɓa ganin na kai ko ruwa bakina ba. In ƙishirwa ta dame ni a wurin aiki, bayan rumfa nake zagayawa in sha.

Lokacin da na zo, doki ne ke juya injin matsa. Wani tsohon jan doki, yana zagaye tun safe, ana cusa rake, ruwan na tsiyaya a garwa. In garwa ta cika a juye a tukunya, a hura wuta da busasshiyar tukar rake, a yi ta kwashe kumfa har ruwan ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Mai kula da tukwanen wani dattijo ne Kirista, daga kudancin Kaduna ya zo tun yana saurayi bai koma ba. Sarkin Dahuwa kowa ke kiransa. Saboda shi ba a hura wuta ran Lahadi, saboda mu ake tashi da wuri ran Juma'a, kuma ban taɓa jin an zauna an tsara hakan ba.

Akwai wata al'ada a wurin da ake kira bakin tukunya. Kowace rana, mazarƙwailar farko da aka kifar daga kwano, Baba ake kai wa a gindin mangwaro. Zai karya ta, ya shinshina, ya yi bisimilla, ya ci a gaban ma'aikata da duk mai sayen da ke tsaye. Sai ya haɗiye ya ce "a ɗaure" sannan ake ɗaure kwali. Ko direba na danna ham a bakin hanya, sai ya jira.

Cikin 'yan shekaru kaɗan komai ya juye mana. Na ɗauki bidiyon yadda ake dahuwa na sa a waya, don wasa ma na yi, sai ga kira daga Kano, daga Abuja, har daga garuruwan da ban san ana shan mazarƙwaila ba. Masu yin kayan gara, masu gudun farin sukari, kowa na so kuma yau yake so. Kada wani ya ɗauka Baba irin tsofaffin nan ne masu ƙin sabon abu. Shi da ƙafarsa ya je Kano ya sayo inji mai shan mai. Shi ya ce a yi wa kwalayenmu ɗauri da jar igiya don a riƙa gane namu. Dokin ya huta, amma Baba ya ƙi sayar da shi. Aka ɗaure shi a bayan rumfa, kullum ana kai masa kumfar da aka kwashe daga tukunya yana lasa.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, wannan bakin tukunyar yana cin lokaci. Direbobi na ƙorafi."

Ya ce, "Canza duk abin da ka ga dama a wurin nan, kai ka san zamani. Wannan ɗaya ka bar mini."

A raina na ce rigimar tsufa ce kawai, mutum ya saba da zaƙi da safe.

Shekarar da abin ya faru, ana tsakiyar saran rake, aka ce sai an yi wa Baba aikin yanar ido a Zariya, kuma zai zauna wajen ƙaninsa kwana goma. Ya tara ma'aikata ya nuna ni ya ce, "Ga shi nan. Abin da ya ce, ni na ce." Wallahi ranar har tafiyata ta canza.

Matsalar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce inji ya fi tukwane sauri. Da doki, ruwa na zuwa daidai yadda wuta ke ci. Da inji kuwa, kafin tukunya ɗaya ta nuna an matse na uku, sai a kashe inji a zauna ana kallon juna. Ga oda mai yawa daga Abuja, ga ranar kasuwar Makarfi ta matso. Na ce abin da muke bukata wurin tara ruwa ne. Na hau babur na tafi Ikara, na sami wani mai sayar da maganin feshi yana da shuɗɗan durom-durom na roba da suka ƙare, masu murfi, da araha. Na ɗauko huɗu.

Na ga hoton ƙoƙon kan mutum a jikin takardar da ke manne da su. Na gani da idona, ba zan yi ƙarya ba. Da wuƙa na kankare shi. Na wanke su da garin sabulu, na ɗauraye, ɗaya ma akwai wani abu mai kauri da ya daskare a gindinsa, na zuba ruwa na girgiza na zubar na ce ya isa. Abin da na riƙa gaya wa kaina shi ne, a ƙauyukan nan gida nawa ne ba sa ɗibar ruwa da jarkar maganin feshi? Wa ya mutu?

Da aka cika durom na farko, Sarkin Dahuwa ya zo ya buɗe murfin, ya sunkuya, ya ɗago da sauri.

"Ɗana, me aka taɓa zubawa a cikin nan?"

"An wanke," na ce.

"Ba wanki na tambaye ka ba."

Raina ya ɓaci, don a gaban ma'aikata ya yi tambayar. Na ɗaga murya na ce wuta tana kashe komai, na ce ni na yi makaranta na san abin da nake yi, na ce Baba ya ce abin da na ce shi ya ce. Sai dattijon nan ya jingine dogon ludayinsa a jikin murhu ya ce, "To, ni dai hannuna ba zai taɓa wannan ba." Ya ɗauki hularsa ya tafi gida. Mutumin da ya girmi mahaifina, na bi bayansa da tsaki.

Na sa wasu ma'aikata biyu suka yi dahuwar. Kwana biyu muna aiki kamar an sa mana wuta, kwalaye suka taru har rufin rumfa, kala ta yi kyau, ta daskare tsaf. Da aka kifar da kwanon farko, ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini, tunda ni ne a madadin Baba. Na ce ya ajiye, ba ni da lokaci. Gaskiyar magana ina da lokaci. Zuciyata ce ba ta ba ni in ci ba, kuma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Na ce a ɗaure.

Ranar kasuwa, bayan sallar asuba, mota ta kwashi rabin kayan zuwa Makarfi. Ragowar na Abuja ne, sai washegari. Da hantsi ina tsaye ina waya, sai na ji wani irin gurnani a bayan rumfa. Na zagaya. Dokin ne a kwance, jikinsa na kakkarwa, yawu na dalala daga bakinsa kamar an buɗe famfo, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ga bokitin kumfar jiya a gefensa, ya lashe tas. Ina tsaye a kansa ya miƙe ƙafafu, ya yi shiru.

Na zauna a ƙasa daɓas. Na san abin da ya kashe shi, ba sai an gaya mini ba. Amma kun san me na yi? Na tashi na ce wa ma'aikata tsufa ne, dama ya kwana biyu ba ya jin daɗi, a rufe shi da zana kada wanda ya yi magana. Wayar tana hannuna, lambar dillalinmu na kasuwa tana ciki. Kira ɗaya ne. Na tsaya ina tunanin sunana, ina tunanin me matata za ta ce, ina tunanin wataƙila a kumfa kawai abin ya taru. Har yau in na tuna wannan rabin awar sai in ji tsoron kaina.

Ina cikin haka mota ta tsaya a bakin hanya. Baba ne. An sallame shi da wuri, ya ce ba zai wuce gida ba sai ya ga wurin aiki. Aka riƙo hannunsa, ido ɗaya a rufe da auduga, ga baƙin tabarau a kai. Ya zauna a kujerarsa ta gindin mangwaro. Na cire takalmi na tsuguna.

"Baba, barka da dawowa. Ya jiki?"

"Alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya jama'a? Ya ka ji da ɗawainiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ban ji muryar Sarkin Dahuwa ba."

"Ba ya ɗan jin daɗi ne," na ce.

Ya gyaɗa kai. Sai ya miƙa hannu ya ce, "A kawo mini bakin tukunya. Na yi kewarsa."

Ma'aikacin da ke kusa ya dube ni. Ban ce kawo ba, ban ce kada ka kawo ba. Ya je ya ɗauko wadda na ce a ajiye, ya sa a hannun Baba. Ina ji ya karya ta, ƙas. Ya kai hanci ya shinshina, ya ɗan dakata. Ya ce, "Bismillahi," ya ɗaga hannu zuwa baki.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na kai wa hannun surukina duka da dukkan ƙarfina. Mazarƙwailar ta yi sama ta faɗa cikin toka, tabarau ya fice daga fuskarsa. Wani daga cikin ma'aikata ya ce, "Innalillahi!" Daga nan aka kashe inji. Ni da ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ga ni tsaye a kansa na buge shi a gaban jama'a.

Na zube a ƙasa na faɗi komai. Durom, hoton da na kankare, korar Sarkin Dahuwa, dokin da ke ƙarƙashin zana. Ina jiran mari, ina jiran zagi, ina jiran ya ce in sakar masa 'ya. Ya lalubi tabaraunsa ya mayar. Tambaya biyu kawai ya yi.

"Ina kayan?"

"Rabi na kasuwa, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Kira dillali yanzu, kada ya ƙara sayar da ko guda. Sannan ka buɗe abin ɗaukar hoton nan naka, ka nuno ni."

Na kira dillali. Da na juyo da waya kan Baba, na gane abin da yake shirin yi, sai na ce, "Baba, mu ce ta yi tsami ne, a dawo da ita a canza. Ba sai mun..."

A nan ne kaɗai ya ɗaga murya, kuma ban taɓa jin ya ɗaga ba sai ranar. "Wanda ka ce wa ta yi tsami, yaransa zai ba su shanye! Guba za mu ce, tunda guba ce."

Na fara ɗauka. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce duk wanda ya sayi mazarƙwaila mai ɗaurin jar igiya yau, kada ya ci, kada ya ba dabba, akwai maganin feshi a ciki, ya dawo da ita a mayar masa da kuɗinsa. Ya ce, "Laifina ne, a wurina aka yi." Bai ambace ni ba ko sau ɗaya. Ya sa na tura a duk inda nake tallar kayanmu, wurin da na yi shekaru ina gina suna.

Likita ya ce kada ya shiga rana, kada ya shiga hayaƙi. Amma Baba ya shiga mota ya ce Makarfi. Muka tarar kasuwa ta cika maƙil, masu rake, masu hatsi, 'yan dako na ihu a ba su hanya. Ya roƙi wani mai tallar magani ya ara masa lasifika, aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, dattijo da auduga a ido, rana na dukansa, yana maimaita magana ɗaya: akwai guba a kayana, ku dawo da su. Ina ƙasa ina kallonsa, ji nake da ma ƙasa ta buɗe in shige.

Mutane suka yi ca. Wasu na salati, wasu na zagi. Wata mata ta jefo tata ta same shi a kafaɗa, ta ce Allah ya isa, saura kaɗan ta ba jikanta. Ya ce, "Kin yi gaskiya, Hajiya, ki yafe." Sauran masu mazarƙwaila suka taso da faɗa, wai ya kashe musu kasuwa. Ya ce su yi haƙuri, ya ƙara ɗaga murya cewa mai jar igiya ce kaɗai, ta kowa lafiyarta lau. Ni kuwa har lokacin ba wanda ya san da hannuna a ciki, kuma wannan ya fi zagin ciwo.

Dillali ya san yawancin waɗanda suka sara. Muka raba babura. Wani ya bi hanyar Gubuchi, wani Dandamisa, ni na bi wani ɗan kasuwa har Kudan, na same shi yana sauke kwali a ƙofar shagonsa. Kafin la'asar kaya sun dawo, wasu kwalayen ko kwance su ba a yi ba. Saura na wata mata mai talla a tasha. Ta kawo tirenta tana kuka, ta ce guda bakwai ta riga ta sayar wa fasinjojin wata mota da ta nufi Kano tun da safe. Ba ta san direban ba, ba ta san kowa a ciki ba. Muka tambayi 'yan kamasho, muka kira duk wanda za a kira, muka sake tura saƙo. Ba a same su ba.

Washegari Baba ya sa aka haƙa rami mai zurfi a ƙarshen gona, aka zuba duka, har da na Abuja, aka binne aka danne da duwatsu don kada akuya ko yara su tono. Dokin ma a gefen nan aka binne shi, Baba na tsaye har aka gama. Durom ɗin huɗu ya sa aka huda su da jan ƙarfe ta ko'ina, ya ce in an yar da su lafiyayyu, gobe a gidan wani za a gan su cike da ruwan sha. Tukwanen ma bai yarda an sake amfani da su ba. Daga nan ya ce in raka shi gidan Sarkin Dahuwa. A ƙofar gida ya tsaya ya ce, "Ni na ɗora shi a kanka ban gaya masa inda ikonsa ya tsaya ba. Ka yi haƙuri." Ni ma na tsuguna na ba da nawa haƙurin. Sarkin Dahuwa ya ce, "Ya wuce, ɗana," amma bai dube ni ba.

Mako uku ba a hura wuta ba, kuma Baba bai ce mini komai ba ban da amsa gaisuwa. Matata ma shiru ta yi mini, irin shirun da ya fi faɗa. Idon da aka yi wa aiki ya kumbura, aka koma Zariya sau biyu, kuma bai ƙara gani da shi sosai ba. Ba wanda ya ce mini ranar kasuwar ce ta jawo, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da aka sake hura wuta da sababbin tukwane, masu saye biyu ne kacal a tsaye, inda da ake layi. Sarkin Dahuwa ya kifar da kwanon farko ya kai gindin mangwaro. Baba ya karɓa, ya kira ni. Na zo na tsuguna nesa.

"Matso. Zauna nan."

Na matsa. Ya miƙo mini ita.

"Karya ka ci."

"Baba, a gabanka?"

"Hannun da ya iya bugun nawa, bakinsa ba zai gagara ci a gabana ba. Daga yau kai ne za ka riƙa ci, kullum, a gaban kowa. Ba girma na ba ka ba. Ranar da ka ji ba ka son ci, ka san ba abin ɗaurewa ba ne."

Na karya. Na kai baki, hawaye na zuba, ko zaƙin ban ji ba. Da na haɗiye, sai tambayar da ta yi mako uku tana cina ta fito da kanta.

"Baba, ranar nan da ka shinshina, ka ji wani abu?"

"Ido aka rufe mini, ba hanci ba."

"To da ban buge ba fa?"

"Da na ci," ya ce. "An riga an kai wa 'ya'yan mutane. Nawa cikin ya fi nasu ne?"

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan haka. Yanzu ni ke riƙe da wurin. Muna da tankin ƙarfe na tara ruwa, muna da leda mai tambari, oda na shigowa ta waya tun ban tashi barci ba, kuma na tabbata nan da baɗi wani sabon abu zai zo in bi shi da gudu, don halina bai canza ba. Amma kowace safiya direba na jira, ni kuma ina zaune a gindin mangwaro da mazarƙwaila a hannu. Sabbin ma'aikata na ɗauka kwaɗayi ne, har suna dariya a bayan rumfa, ina jin su.

Ban taɓa jin labarin wani ya mutu ko ya kwanta ba. Ban kuma taɓa jin labarin ba abin da ya same su ba. Mutum in ya sayi mazarƙwaila a tasha, ba shi ke ci ba, tsaraba ce yake kai wa yara a gida. Duk lokacin da na karya bakin tukunya, guda bakwai ɗin nan nake tunawa, da yadda wasu yara suka fito da gudu suna yi wa babansu oyoyo.